Mazhabar Zafi da Masu Saɓa Mata: Tarihin Gwajin Maikurowef a Kan Ƙwaƙwalwar Dabbobi

Daga cikin sana'o'in ilmi waɗanda Yaƙin Duniya na Biyu ya haifa, akwai wata wadda ba kasafai ake jin labarin ma'abotanta ba, watau sana'ar mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu da tsufansu suna ajiye ɓeraye da zomaye da kyanwoyi da birai a gaban igiyoyin maikurowef, sa'an nan su koma gefe da alƙalami suna lura da abin da zai auku ga ƙwaƙwalwar dabbar. Igiyoyin nan dangin na rediyo ne, sai dai gajeru ne ƙwarai, daga tsawon mita guda zuwa milimita guda, kuma ba su da ƙarfin farfasa zarra kamar hasken da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Abin da suke yi wa jiki, wanda babu mai jayayya a kansa, shi ne su girgiza ruwan da ke cikin nama har ya ɗauki zafi. Mas'alar da ta raba kan masana fiye da shekara 70 ita ce: shin bayan zafin akwai wani abu dabam?

Asalin al'amarin kuwa daga makami ne. A watan Fabrairu na 1940 wasu malamai biyu na Jami'ar Bamingam a Ingila, John Randall da Harry Boot, suka ƙera wata 'yar na'ura ta jan ƙarfe mai fitar da igiyoyi masu tsawon kamar santimita 10 da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, aka kai ta Amurka a wannan shekarar, ta zama zuciyar na'urar rada wadda ake hango jiragen abokan gaba da ita. Kafin yaƙi ya ƙare dubban samari sun yi aiki a gindin waɗannan na'urori, jita-jita kuma ta bazu a tsakaninsu cewa mai yawan tsayawa a gaban rada ba zai haihu ba. Hukumomin soja suka ce babu komai. Amma a 1948 masu bincike a Amurka suka ba da rahoton cewa igiyoyin, in an tsananta su, suna sa yanar ido ga zomaye da karnuka, suna kuma lalata marainan ɓera, gaɓoɓi biyu waɗanda ba sa jure zafi, shi ido don ƙarancin jinin da zai kwashe masa zafin, su kuwa maraina don dama sanyi suke bukata. Tun daga ranar ya wajaba a yanka iyaka.

Wanda ya fara yanka ta wani Bajamushe ne, Herman Schwan, wanda Amurkawa suka ɗauko bayan yaƙi, ya zauna a Jami'ar Pensilbeniya. Hujjarsa ta lissafi ce zalla: ya duba yawan zafin da jikin mutum ke iya zubarwa ta hanyar gumi da gudun jini ba tare da wahala ba, ya rage wani abu saboda ihtiyaɗi, a 1953 ya ba sojan ruwa shawara cewa kada ƙarfin igiyoyi ya wuce miliwat 10 a kan kowane santimita murabba'i na jiki. Rundunonin Amurka uku suka haɗa kuɗi a ƙarshen shekarun 1950 aka yi ta gasa dabbobi don jarraba wannan adadi, musamman karnukan da Sol Michaelson ya gwada a Rocesta, waɗanda aka ga suna haki suna dalalar da miyau daidai yadda kare ke yi a tsakar rana, a 1966 kuma adadin ya zama ƙa'idar ƙasa. Wannan ita ce mazhabar zafi, kuma aƙidarta a taƙaice ita ce, abin da bai ɗumama nama ba bai taɓa shi ba.

A shekarun nan ne kuma aka yi wani gwaji a Landan wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya nuna igiyoyin a matsayin rahama. A cibiyar binciken likitanci ta Mill Hill ana sanyaya ɓeraye har jikinsu ya kai sanyin ƙanƙara, numfashi ya ɗauke, zuciya ta tsaya, sa'an nan a nemi farfaɗo da su. Hanyar da aka saba kuwa ita ce a ɗora wani ƙarfe mai zafi a ƙirjin dabbar don zuciya ta riga sauran jiki ɗumi, abin da kan bar ta da ƙuna. Wani masanin cibiyar, James Lovelock, ya ga rashin tausayin wannan, ya haɗa na'urar maikurowef mai ɗumama ƙirjin daga ciki, a 1955 shi da Radoslav Andjus suka buga labarin ɓerayen da suka tashi daga sanyin da bai wuce digiri ɗaya ba, suka ci gaba da kai-kawonsu.

A Tarayyar Sobiyet kuwa ba lissafi aka fara da shi ba, da koken ma'aikata aka fara. Likitocin masana'antu, a ƙarƙashin jagorancin mutane irin su Zinaida Gordon ta birnin Mosko, suka tattara bayanan masu aiki kusa da rada, suka tarar ana yawan kukan ciwon kai, da kasala, da rashin barci, da saurin fushi, da mantuwa, har suka ba abin suna a matsayin cuta mai zaman kanta. Su almajiran masanin Rasha Pavlov ne, waɗanda aka tarbiyyantar a kan cewa jijiyoyi su ne sarakunan jiki, kuma su ne farkon masu jin duk wani abin da ya sauya a muhalli. Saboda haka da suka koma ga dabbobi, ba su nemi ƙuna ko yanar ido ba, sai suka koya wa ɓera ko kare wata ɗabi'a, suka haska shi da igiyoyi marasa ƙarfi, suka duba ko ɗabi'ar ta yi rauni. Yuri Kholodov ya ɗaura wa zomaye wayoyin awon lantarkin ƙwaƙwalwa, ya ba da labari a littafinsa na 1966 cewa ya ga zanen ya sauya zuwa irin na gyangyaɗi. Bisa ga irin waɗannan dalilai Sobiyet ta ajiye iyakarta tun 1958 a kan maikurowat 10 ga kowane santimita murabba'i ga mai aikin yini guda, watau kashi ɗaya cikin dubu na abin da Amurka ta halatta. Da wuya a sami wata mas'ala ta kimiyya wadda dauloli biyu masu ilmi suka saɓa a kanta har ninki dubu.

Malaman Yamma suka soki rahotannin Rasha da cewa ba sa bayyana yadda aka auna ƙarfin igiyoyi, kuma sau da yawa babu dabbobin da aka bari ba a haska ba don a gwada da su. Suka da ta fi kowacce nauyi, a ganina, ita ce ta waya. Wanda zai auna lantarkin ƙwaƙwalwar zomo dole ya soka masa siririyar waya ta ƙarfe a ka, ita kuwa wayar ƙarfe a cikin igiyoyin maikurowef eriya ce, tana tattaro ƙarfin tana zuba shi a ɗan tsinin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, har wurin ya yi zafin da ya ninka na sauran kai sau da yawa alhali ma'aunin zafin da ke duburar dabbar bai motsa ba. Arthur Guy da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton da ke Siyatil suka nuna haka da hoton zafi a farkon shekarun 1970, daga bisani suka koma amfani da wayoyin roba da aka cuɗa da gawayi. Ashe wani kaso na abin da aka ɗauka sirrin igiyoyi ne, kayan awon ne da kansu suke toya wurin da suke awo.

Ana cikin haka sai ga wani abu da mazhabar zafi ta rasa inda za ta ajiye shi. Wani saurayi masanin jijiyoyi, Allan Frey, yana aiki a wata cibiyar kamfanin General Electric kusa da Jami'ar Cornell, sai wani ma'aikacin rada ya gaya masa cewa shi fa yana jin rada da kunnensa. Frey ya bi shi, ya tsaya a bakin hasken, shi ma ya ji: wani ɗan zuzu ko ƙwanƙwasa wanda ba ya zuwa daga dama ko hagu, kamar a cikin kai yake ko a ƙeya, kuma duk inda mutum ya juya yana nan. Ya buga wannan a 1961 da 1962, ya ƙara da cewa toshe kunne ba ya hana shi, ya kuma tafi a kan ra'ayin cewa igiyoyin suna magana da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kai tsaye ba tare da wasiɗa ba. Shekara goma sha biyu aka yi kafin a warware. A 1974 aka gwada kyanwoyi, aka ga ƙwaƙwalwarsu tana amsa bugun igiyoyin kamar yadda take amsa sauti, amma da aka lalata kunnen ciki sai amsar ta ɗauke ɗungum. A shekarar kuma Kenneth Foster da Edward Finch suka harba igiyoyin cikin ruwa suka ji ruwan yana ƙara. Bayanin shi ne, kowane bugu yana ɗumama abin da ke cikin ƙoƙon kai da kashi ɗaya cikin 100,000 na digiri ko ƙasa da haka, amma da yake cikin ƙiftawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba yake yi, sai naman ya ɗan buɗa farat ɗaya, girgizar ta bi ƙashi ta isa kunne. Frey ya yi gaskiya game da abin da ya ji, ya yi kuskure game da sababinsa, zafi kuma ya sake cin shari'a, ko da yake ta wata ƙofa wadda Schwan bai yi zato ba.

Siyasa ta shiga maganar ta tagogin ofishin jakadancin Amurka a Mosko. Tun daga 1953 aka lura ana harbo igiyoyin maikurowef a kan benen daga wani gida da ke tsallaken titi, ƙarfinsu a yawancin shekarun bai wuce maikurowat 5 ba, kuma har yau ba a daddale a kan maƙasudinsu ba, ko na leƙen asiri ne ko na dagula na'urorin sauraron Amurkawa. Hukumomin Washinton suka ɓoye wa ma'aikatansu, suka buɗe wani shiri na sirri a 1965 mai suna Pandora, inda aka koya wa birai aikin danna maɓalli a cibiyar binciken soja ta Walter Reed, aka riƙa haska su da kwatankwacin igiyoyin Mosko don a ga ko hankalinsu zai gushe. Biri na farko ya nuna kamar aikinsa ya lalace bayan 'yan kwanaki, hankalin manya ya tashi, amma da aka faɗaɗa gwajin, kwamitin masanan da ke sa ido bai sami hujja mai gamsarwa ba, aka rufe shirin a 1970. Gwamnati ta sami kanta gaba kura baya sayaki: in ta yi ƙarar cewa ana cutar da mutanenta da maikurowat 5, to me za ta ce wa nata sojojin da ta halatta musu ninkin wannan sau dubu biyu? Sai a farkon 1976, bayan ƙarfin ya ƙaru, Jakada Walter Stoessel ya sanar da ma'aikata, aka sa wa tagogi ragar alminiyam. Binciken da Abraham Lilienfeld na Jami'ar Johns Hopkins ya kammala a 1978, a kan ma'aikata wajen 1,800 da suka zauna a Mosko, bai ga sun fi takwarorinsu na sauran ofisoshin Gabashin Turai mutuwa ba.

Masu saɓa wa mazhabar zafi a Yamma ba su rasa shehi ba, shi ne Ross Adey, mutumin Ostareliya, malami a cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalas, wanda babu mai musun zurfin ilminsa. A 1975 shi da Suzanne Bawin suka ciro ƙwaƙwalwar 'yan tsaki, suka raba kowacce biyu, suka jiƙa su a ruwan da ke ɗauke da kalsiyam mai alama, suka haska rabi suka bar rabi. Igiyar da suka yi amfani da ita, mai kaɗawa sau miliyan 147 a daƙiƙa, ba ta yi komai ba in an sake ta miƙe. Amma in aka sa ƙarfinta yana hawa yana sauka sau 16 a daƙiƙa, wanda ya yi kusa da bugun lantarkin ƙwaƙwalwa ita kanta, sai kalsiyam ɗin da ke fita ya ƙaru da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Da yake kalsiyam ne ke buɗe wa ƙwayar jijiya baki ta miƙa saƙo ga 'yar'uwarta, abin ya girgiza mutane. Carl Blackman na hukumar kare muhalli ta Amurka ya sami irinsa, har ya ƙara da cewa abin yana bayyana a wani ƙarfi, ya ɓace in an ƙara, ya sake dawowa in an ƙara gaba. Wasu ɗakunan binciken suka nema suka rasa, suka kuma yi tambaya mai ma'ana, cewa tsokar ƙwaƙwalwar da aka yanke daga jini tana mutuwa a cikin kwalba, me za ta shaida game da rayayyiya?

Malamanmu na hadisi sun daɗe da bambanta labarin da ya zo ta hanyar mutum ɗaya da wanda ya zo ta hanyoyi masu yawa waɗanda ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba, kuma ba sa ƙaryata na farkon, sai dai ba sa ɗora masa nauyin da suke ɗora wa na biyun. Kusan duk abin da aka ruwaito na tasirin da ba na zafi ba ya tsaya ne a daraja ta farko. Frey ya ce a 1975 ya ga rini ya tsallaka shingen da ke tsare ƙwaƙwalwar ɓera daga abin da ke yawo cikin jini. Leif Salford, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Lund ta ƙasar Suwidin, ya ɗauki maganar a zamanin wayar hannu, har ya ba da rahoto a 2003 cewa ɓerayen da aka haska awa biyu kacal an sami ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu sun yanƙwane sun yi baƙi bayan kwana 50. Jaridun duniya suka ɗauka. A 2009 ɗakunan bincike uku, a Faransa da Japan da Amurka, suka maimaita da ɓeraye masu yawa, ba su ga komai ba. Masana yankan nama kuma sun riga sun sani tun da daɗewa cewa irin wannan baƙin ƙwayoyi yakan fito in an taɓa ƙwaƙwalwa da hannu kafin maganin adana ta ya gama kama ta.

Haka aka yi da Henry Lai da Narendra Singh na Siyatil, waɗanda suka ce a 1995 sun ga zaren gado na DNA ya kakkarye a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera bayan awa biyu a cikin igiya mai kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa, irin ta murhun ɗumama abinci. Ƙungiyar Joseph Roti Roti a birnin Sen Luwis ta maimaita ba ta samu ba, sai ma ta gano cewa yadda aka kashe ɓeran, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a ciro ƙwaƙwalwar, su kaɗai suna iya sauya sakamakon. Amma fa kamfanin Motorola ne ya biya kuɗin wannan maimaici, kuma wannan ya isa ya sa wanda ba ya son sakamakon ya ƙi karɓarsa. Adalci ya sa a faɗi cewa zargin ba na banza ba ne, domin mai sayar da waya ba ya cikin shaidun da alƙali zai karɓa ba tare da tazkiyya ba. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa wasu ɗakunan da gwamnatoci suka ɗauki nauyinsu su ma hannu wofi suka dawo. Wanda ya fi burge ni a dukan tarihin nan shi ne David de Pomerai na Jami'ar Notingam, wanda ya buga a mujallar Nature a 2000 cewa wasu 'yan tsutsotsi sun nuna alamar wahala a ƙarƙashin igiyoyi marasa zafi, sa'an nan da aka sake auna akwatin gwajinsa aka tarar yana ɗumama da kashi biyu cikin goma na digiri, ya gwada wannan ɗan ɗumin shi kaɗai ya ga ya wadatar, ya janye maganarsa a bainar jama'a a 2006.

Gwaji mafi girma shi ne wanda hukumar binciken guba ta Amurka ta kammala a 2018, bayan ta kashe wajen dala miliyan 30. An haska dubban ɓeraye iri biyu, manya da ƙanana, dukan jikinsu, awa tara kowace rana har shekara biyu, da ƙarfin da mafi ƙanƙantarsa ya yi daidai da iyakar abin da aka yarda waya ta zuba a gefen kan mutum. A cikin mazan manyan ɓerayen aka sami ƙari a ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiyoyin zuciya, wanda hukumar ta kira hujja bayyananniya, da kuma 'yan ƙari a ƙwaƙwalwa, wanda ta ba shi daraja ta ƙasa da haka. A cikin mata da ƙananan ɓerayen ba a sami abin kamawa ba. Wani abin da ya dagula fassarar shi ne, mazan da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi daga rahoton, aka ci gaba da kai ruwa rana.

Ƙa'idar da duniya ke aiki da ita kuwa ba ta fito daga ɗaya daga cikin waɗannan mashahuran gwaje-gwaje ba. Ta fito ne daga wani aiki marar armashi wanda John de Lorge ya yi wa sojan ruwan Amurka a Pensakola a shekarun 1970 da farkon 1980: a bar ɓera ko biri da 'yar yunwa, a koya masa danna maɓalli don ya sami loma, a riƙa ƙara ƙarfin igiyoyi sannu a hankali har a kai inda zai saki maɓallin ya bar abincin. Ko da wace dabba aka gwada, wurin tsayawar yana kusa da wat 4 ga kowane kilo na nauyin jiki, daidai lokacin da zafin jikin ya hau da kamar digiri ɗaya, kuma wasu da suka maimaita su ma sun samu. Aka raba wannan adadi gida 10 aka ba ma'aikata, aka raba shi gida 50 aka ba sauran jama'a, daga nan kuma aka ciro iyakar abin da ya halatta ya sauka a gefen kai, wat 1.6 ga kilo a Amurka, wat 2 a Turai da yawancin ƙasashe. Wayoyin da suka cika kasuwannin Nijeriya tun daga 2001 a kan wannan awo aka ƙera su, kuma adadin yana rubuce da ƙananan haruffa a 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin sabuwar waya.